Damina Guda a Bayan Sauro: Daga Takardar Izini Zuwa Sakamakon Gwaji

Ɗalibai da masu hidimar ƙasa da ake turo mana sukan tambaye ni yadda ake aikin sa ido kan sauro, kuma kusan dukansu a zatonsu a bakin kududdufi ake farawa. A ofis ake farawa, tun ana sanyin hunturu. Na rubuta wannan ne domin wanda zai biyo baya ya san matakan da jerinsu, saboda ni a hanya na riƙa tsintarsu ɗaya bayan ɗaya. Na karanta ilimin dabbobi a jami'a, na yi digiri na biyu a kan ƙwari masu ɗauke da cuta, sannan aka ɗauke ni aikin kwantiragi a wata tawaga da ke bibiyar sauron maleriya a wata jiha ta arewa maso yamma. Tambayoyin da aka ɗora mana uku ne: wane irin sauro ne ke cizon mutane a yankin, yaushe kuma a ina yake cizo, sannan ko maganin da ke jikin gidan sauro har yanzu yana kashe shi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin ɗari na yara ƙanana, a Kebbi kuwa har kashi 49. Gidan sauro shi ne babban abin da aka dogara da shi, don haka dole a sami wanda zai riƙa duba ko yana aiki.

Matakin farko shi ne kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ma'aikatar lafiya ta jiha. Mutum zai ce ai sauro za a kama, me ya kawo maganar ɗa'a? To, za ka shiga ɗakin barcin mutane, kuma za ka sa wasu su kwana a waje da ƙafa a buɗe, don haka ba makawa. Abin da suka nema shi ne cikakken bayanin aikin, takardar neman amincewar masu gida da Turanci da Hausa, takardar shaidar cewa ka yi horon ɗa'ar bincike, tarihin karatu da aikin shugaban tawaga, wasiƙar gabatarwa daga cibiyarka, da rasit na kuɗin duba takardu da aka biya a banki. Kuɗin ɗalibi daban, na aikin da ke da mai ɗaukar nauyi daban, don haka ka tambaya kafin ka je banki. Idan ka miƙa, ka tsaya har a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kofenka. Wannan kofen ne ya taimake ni ranar da aka ce ba a ga fayil ɗinmu ba; wani dattijon masinja ya karɓa ya duba lambar, ya ce, "Malama, zauna, yanzu zan fito miki da shi," kuma a ƙarƙashin wasu fayiloli ya zaro shi. Kwamitin ba kowane mako yake zama ba, kuma da ya zauna sai ya dawo mana da tambayoyi: wa zai biya kuɗin magani idan mai kamun sauro ya kamu da zazzaɓi, kuma me ya sa Hausar takardar amincewa ta fi ƙarfin mutumin ƙauye? Gaskiyarsu ce. Muka gyara, muka sake miƙawa, muka koma jira. Sai da zafin bazara ya kankama takardar ta fito.

A daidai wannan lokacin ya kamata a yi odar kayan gwaji, kada a jira izini ya fito tukun. Takardun da aka jiƙa da maganin ƙwari, waɗanda ake gwada juriyar sauro da su bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga wata jami'a a Penang ta ƙasar Maleshiya ake samo su. Da kuɗin waje ake biya, sai sun bi ta kwastan, suna da ranar lalacewa, kuma a firij ake ajiye su. Kowace takarda ba a amfani da ita fiye da sau shida. Idan ta makara, sauronka ya girma ya tsufa a keji kana kallo. Shugaban tawagarmu yakan ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a kan waɗannan takardu yake faɗin haka.

Da takardar izini a hannu sai bin matakala. Daga shirin yaƙi da maleriya na jiha aka ba mu wasiƙa zuwa daraktan lafiya a matakin farko na ƙaramar hukuma, shi kuma ya haɗa mu da jami'in maleriya na yankin, wanda ya kai mu gaban hakimi. Kada ka tsallake ko ɗaya, ko da ka san hanya. A fadar hakimi muka cire takalma muka zube, jami'in ya gabatar da mu, shugabanmu ya yi bayani. Hakimi ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, sauron dai ga shi nan, ba wanda zai hana ku. Amma jinin mutanena fa?" Aka ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu taɓa jinin kowa ba, ba allura, ba ƙwaya." Ya sa aka maimaita wannan a gaban dagaci da masu unguwanni da liman. Wanda ya san tarihi ba zai ga laifinsa ba. Mutanen arewa ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma duk wanda ya zo da farar mota da akwatin sanyi sai an yi masa kallon tsanaki. Abin da ya fi sanyaya zukata shi ne nuna kayan aikin a fili. Muka baje tarko da ludayi da kofuna a kan tabarma, kowa ya taɓa. Mai unguwa ya ba mu matasa 'yan garin da za mu horar, kuma su ne suka buɗe mana ƙofofin da wasiƙar ma'aikata ba za ta buɗe ba.

Ruwa ya zauna, muka fita neman tsutsar sauro. Kayan ba su da yawa: farin ludayi mai dogon mariƙi, farar roba mai faɗi, abin tsotso na roba, jarkoki, takalmin ruwa, da wayar da ke ɗaukar lambar wuri. A nan ne sabon shiga yake ɓata lokaci, domin yakan nufi kwata mai wari inda tsutsa ta yi baƙi ƙirin. Wannan galibi Kuleks ne, mai kukan dare, wanda ba ya ɗauke da maleriya. Anofilis, wato sauron maleriya, na dangin gambiae ruwa marar zurfi yake so, wanda rana ke duka: sawun shanu a bakin fadama, sawun tayar mota, ramin da aka haƙi ƙasar bulo, gefen gonar shinkafa kafin ta rufe. Ka tunkari ruwan rana na gabanka, domin da inuwarka ta faɗa a kai sai su nutse, sai ka tsuguna ka jira su taso. Ka sa bakin ludayin a hankali ruwan ya gangaro ciki da kansa. A cikin farin ludayi bambancin a bayyane yake: tsutsar Anofilis tana kwance miƙe a saman ruwa, ta Kuleks kuwa tana rataye kai ƙasa da ɗan bututun numfashi. Yaran garin da suka biyo mu suna dariya, kafin azahar sun fi wasunmu ido. Wani yaro ya riƙa kirana, "Anti, ga masu kwanciyar nan!" kuma bai taɓa kuskure ba. Ka tace ruwan ka fitar da tsutsar mazari da ƙananan ƙwarin ruwa, in ba haka ba kafin ka isa gari sun cinye rabin abin da ka tara. Kada a cika jarka, kada a toshe ta, kuma direba ya bi hanya a hankali. Sannan a tara daga wurare da yawa, saboda tsutsar rami ɗaya tana iya zama 'ya'yan uwa ɗaya, sakamakonta ba zai wakilci gari ba.

Ɗakin kiwon sauro shi ne inda haƙuri yake ƙarewa. Ana raba tsutsa a robobi, a barbaɗa musu garin abincin kifi kaɗan. Da ya yi yawa ruwan ya yi yauƙi su mutu. Kullum da safe a tsince waɗanda suka dunƙule suka kusa fashewa, a sa su a kofi cikin keji, a rubuta kwanan wata a jikin kejin, domin shekarun sauro a wannan aiki da kwana ake lissafa su. Manya ana ba su ruwan sukari, kashi 10 cikin ɗari, a jikin auduga. Abokan gaba uku ne: tururuwa, zafi da ɗauke wuta. Ƙafafun tebur a cikin gwangwanin mai suke tsayawa saboda tururuwa, wadda ke iya share keji guda a dare ɗaya. Jiƙaƙƙen tawul a kan keji yana riƙe laima. Ba a shiga ɗakin da turare, ba a kunna maganin sauro a kusa, kuma mai shara ma sai an ja masa kunne kada ya kawo fiya-fiya da niyyar taimako. Babu Asabar babu Lahadi. Ranar Sallah ma sai da ɗayanmu ya leƙo bayan an sauko daga idi.

Gwajin kansa awa ɗaya ne, amma sharuɗɗansa ne ke sa mutum gumi. Mata kawai ake ɗauka, masu kwana 3 zuwa 5, waɗanda ba su taɓa shan jini ba. Namiji ana gane shi da gashin da ya cika masa ƙahonni. Da bututun zuƙa mai rariya a tsakiya ake ɗebo su, 25 a kowane bututun gwaji: huɗu masu takardar magani, biyu na shaida masu takardar da ba magani a jikinta. Wato sauro 150 domin magani ɗaya tak, kuma kana da magunguna da yawa a layi. Zafin ɗaki ya kasance wajen digiri 27, laima wajen kashi 75. Ana barinsu su huta tukun, a cire duk wanda ya ji rauni, sannan a hura su a hankali cikin bututun magani, a tsayar da shi, a danna agogo. Bayan awa ɗaya a mayar da su bututu mai tsabta, a ɗora audugar sukari, a jira awa 24 kafin a ƙirga matattu. Idan kashi 98 zuwa 100 sun mutu, maganin yana aiki. Daga 90 zuwa 97 akwai shakka, sai an sake. Ƙasa da 90, juriya ta tabbata. Amma kafin ka kalli waɗannan, na shaida za ka fara dubawa: idan fiye da kashi 20 nasu sun mutu, aikin gaba ɗaya ya rushe, domin wani abu ne daban ke kashe su. Haka ta faru da mu wani dare da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ɗakin ya ɗau zafi. Muka zubar da sakamakon, muka koma fadama neman sabuwar tsutsa. Wani ya kawo shawarar a rubuta kawai tunda an san abin da zai fito. Shugabanmu bai ko amsa masa ba, ya miƙa masa takalmin ruwa.

Ranar da muka gwada deltametrin, maganin da ya daɗe a jikin gidajen sauron da ake rabawa, na zauna ina kallon bututun. A littafi an ce cikin mintuna za su fara zubewa. Waɗannan kuwa suna manne da takardar maganin, wasu har suna gyara ƙafafu. Washegari ko rabi ba su mutu ba. Na san da labarin juriya tun ina aji, amma ganinta da ido daban ne, kuma abin da ya faɗo mini shi ne gidan sauron da 'ya'yana ke kwana a ciki. Fametrin, wani maganin gidan sauron, shi ma haka. Mataki na gaba shi ne a fara sa wani rukuni a takardar PBO na awa ɗaya kafin maganin. PBO ba ya kisa da kansa. Yana toshe sinadaran da jikin sauro ke narkar da guba da su. Da muka yi haka matattu suka ƙaru sosai, alamar cewa mafi yawan juriyar daga wannan narkarwa take. Kulofenafir kuma, wani maganin ƙwari na daban, a kwalba ake gwada shi, kuma sai an jira awa 72 domin a hankali yake kisa. Waɗannan lambobi ne, idan aka haɗa da na sauran cibiyoyi, suke taimaka wa shirin kawar da maleriya na ƙasa wajen zaɓar irin gidan sauron da za a kai kowace jiha: na da, ko mai PBO, ko mai magani biyu irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2023. A ganina dai ba gidan sauro kaɗai ya jawo juriyar ba. Duk gefen gonar shinkafa da ta tumatir da muka bi, sai mun ga kwalaben maganin feshi a yashe, kuma a ruwan nan tsutsar take girma. Gidan sauron da maganinsa ya yi rauni ma yana tare cizo matuƙar bai yage ba, kuma wannan muke nanata wa mutane, kada wani ya ji rabin magana ya je ya yi shingen lambu da nasa.

Kowane wata kuma muna komawa ƙauyen kamun manyan sauro. Na safe shi ne feshin ɗaki, kuma a nan kasancewata mace ta yi rana, domin gidaje da yawa namiji baƙo iyakarsa zaure. Tun da yamma ake roƙon masu gida kada su buɗe taga ko su yi shara da safe. Bayan asuba mu yi sallama, a fitar da abinci da ruwan sha da kaji, a shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado da kan jeren kwanuka, a toshe kafofi, a fesa, a rufe ƙofa minti goma. Sannan a fito da zannuwan tsakar gida a tsince sauro da ɗan hantsaki, ɗaya ɗaya, a zuba a faranti mai jiƙaƙƙiyar takarda, a rubuta lambar gida da yawan waɗanda suka kwana a ɗakin da ko an rataya gidan sauro. Wata tsohuwa ta tsaya a kaina tana kallon waɗanda cikinsu ya yi jajir. Ta ce, "'Yar nan, duk wannan jinin jikokina ne?" Na ce, "Wataƙila, Inna, wani kuma na akuya ne, sai mun gwada." Ta ce, "To ku riƙa zuwa kullum mana." A nan dole ka faɗi gaskiya: feshin nan na ƙirga ne, ba ya daɗewa, ba maganin gida ba ne. Kada ka yi alkawarin gidan sauro ko magani idan ba a hannunka yake ba, domin wata mai zuwa kai za ka dawo, kuma za a tuna maka.

Na dare ya fi wuya. Akwai tarko mai fitila da fanka, wanda ake ratayewa wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ta wajen ƙafar wanda ke barci cikin gidan sauro, daga shida na yamma zuwa shida na safe. Wahalarsa batir ce. Idan ya mutu da tsakar dare fanka ta tsaya, duk abin da ya shiga ya fice. Sai kuma kamun ƙafa, inda mutum ke zaune ya naɗe wando zuwa gwiwa, da tocila da bututun zuƙa, yana kama sauron da ya sauka kafin ya ciza, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, kowace awa da kofinta. Manya kawai ake ɗauka, da amincewarsu a rubuce, da tanadin gwaji da magani. Aikina shi ne zagayawa ina karɓar kofuna ina tashin wanda gyangyaɗi ya ɗauka, kuma tsakanin ƙarfe biyu da huɗu kowa ɗan'adam ne. Shayi da burodi ba alatu ba ne a wannan dare, ka sa su a kasafi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kofunan waje da na farkon dare ba su taɓa zuwa wayam ba, a lokacin da mutane ke hira a dandali ko suna kallon ƙwallo, da kuma na asuba lokacin da ake fita masallaci. Wannan ba sabon abu ba ne. Aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu yake cikin Jigawa, ya fesa ɗakuna da magani, ya raba ƙwayoyi, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, kuma sauron da ke hutawa a waje yana cikin dalilan.

Da gari ya waye ba barci za ka yi ba, madubin duba ƙananan halittu za ka hau. A ware Anofilis daga sauran: fikafikai masu ɗigo-ɗigo, da 'yan sandunan gefen baki masu tsawo daidai da bakin. A bi littafin tantancewa a raba dangin gambiae da funestus da sauransu, a rubuta yanayin ciki, ko wayam, ko cike da jini, ko ƙwai ya fara, ko ya cika. Kowane sauro da ɗan bututunsa, da ƙwayoyin tsotse laima a ƙasa da auduga a tsakani, da lamba a jiki. Da fensir ko alƙalamin da ba ya gogewa ake rubutu, kuma lambar ta dace da ta takarda. Sauron da ba shi da lamba shara ne, ko da awa nawa aka yi ana kama shi. Ido ba ya iya raba gambiae da coluzzii da arabiensis, kamanninsu ɗaya, sai gwajin ƙwayar halitta na PCR. Ƙafa ko fiffike ya isa wannan. Kai da ƙirji ana neman ƙwayar maleriya a cikinsu. Ciki kuma yana nuna jinin wa aka sha. Muka tura samfura wani babban ɗakin gwaji da takardar miƙawa mai sa hannun ɓangarori biyu, muka shiga jiran da ya fi kowane tsawo. Sinadaran gwaji sun yanke, ana jiran su daga waje. Har kaka ta wuce, aka shiga sanyi, kafin sakamako ya zo: mafi yawa coluzzii, da arabiensis a biye.

An kuma ƙara mana wani aiki a tsakiyar daminar, na leƙa tankunan ruwa da rijiyoyi da wuraren gini da gidajen bulo a cikin gari. Dalili shi ne Anofilis stephensi, sauron Asiya da ke iya rayuwa a birni, wanda aka fara gani a Afirka a Jibuti a 2012, sannan Habasha da Sudan, aka kuma same shi a jihar Gombe a samfuran 2020. Mu ba mu gan shi ba, kuma wannan ma sai an rubuta shi da adadin wuraren da aka duba. Rashin samu sakamako ne, matuƙar an nuna an nema da gaske. A tankunan nan ne kuma ake cin karo da sauron Edis, mai zanen fari a ƙafa, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, cutar da ta ɓulla a Sakkwato a ƙarshen 2023.

Maganar kuɗi kuwa, mota da fetur ne suka fi cin kasafi, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Kasafin da aka rubuta da rani ba ya kai ƙarshen damina. Sai alawus na masu kamu, da man janareta, da batura, da ƙananan abubuwan da ba wanda ke tunawa da su: auduga, sukari, robar ɗaure kofi, yadin rufe keji, sabulun wanke zannuwa. Kuɗin fita yakan makara, kuma sauro ba ya jiran akanta. Sau da yawa daga aljihu muka fita aka biya mu daga baya, don haka kowane rasit ka adana, har na mai babur ka rubuta ya sa hannu. Masu kamu 'yan gari kuwa a biya su a kan lokaci ko da kai ba a biya ka ba. Sannan mai son shiga wannan fanni ya sani cewa yawancin guraben na kwantiragi ne, kuma kuɗinsu daga waje yake zuwa. Da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025, ayyuka irin namu da dama sun tsaya cak na wani lokaci, kuma kejin sauro ba ya fahimtar dakatarwa.

Da rahoto ya kammala muka miƙa wa jiha da shirin ƙasa, sannan muka koma fadar hakimi muka yi bayani da Hausa, da hotuna. Wannan ziyara ba ta cikin abin da mai ba da kuɗi yake tambaya, amma ban ga hujjar a kwana a ɗakunan mutane wata da watanni sannan a ɓace ba. Hakimi ya tambaya ko a daina amfani da gidan sauro, muka ce a'a, a ɗinke wanda ya yage, a shiga da wuri, a kuma tabbata yara sun sha maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba masu wata 3 zuwa 59. Shi kuma da kansa ya ɗauko maganar ramukan bulo da ke bayan makaranta.

Ga mai shirin farawa, lissafinka ka yi shi da baya-baya daga watan Agusta da Satumba, lokacin da tsutsa ta fi yawa. Takardun ɗa'a da odar kayan gwaji su fita tun Janairu, gaisuwar sarakuna da horar da 'yan gari kafin ruwan farko, gyaran ɗakin kiwo da janareta kafin a kawo tsutsa ko ɗaya. Ka koyi tantance sauro da madubi har ya zama maka jiki, domin masu digiri suna da yawa amma masu wannan ido kaɗan ne. Ka koyi sarrafa alƙaluma a kwamfuta da zana taswira, ka kuma iya bayyana aikinka ga wanda bai yi boko ba. Kuma ba sauron maleriya kaɗai ne fannin ba: akwai cibiyar binciken ciwon sammore a Kaduna mai aiki kan ƙudan tsando, akwai cibiyar binciken cututtukan da ƙwari ke yaɗawa a Inugu, akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa a Yaba ta Legas, ga masu bin ƙudan da ke kawo makantar kogi da ɓerayen zazzaɓin Lassa. Kafin ka nemi gurbi a ɗaya daga cikinsu, ka roƙi wata tawaga ta bar ka ka bi ta damina guda, ko da kyauta ne, ka kuma nemi shugabanta ya rubuta maka wasiƙar da ta lissafa hanyoyin kamu da gwaje-gwajen da ka yi da hannunka. A tambayoyin ɗaukar aiki da na halarta, wannan wasiƙa aka fi tsayawa a kanta.